Akurkin da Ya Taɓa Zama Jirgi

A tsibirin Chiloé, inda ruwan sama
ba ya sallama kafin ya shigo,
babana Nibaldo ya ja kwale-kwalensa tudu
ranar da likita ya taɓa gwiwarsa ya girgiza kai.
Shekara talatin da ɗaya yana bin kifi.
Yanzu teku tana can, shi yana nan,
kamar maƙwabtan da suka daina gaisawa.

Wata biyu jirgin yana kife a bayan gida,
gansakuka har ta fara ɗinka masa riga.
Sai ga Eulalia, ƙanwar marigayiya innata,
da kwando lulluɓe da tsohon bargo:
kaji biyar marasa jela,
da wani zakara mai ido ɗaya da ba wanda ya roƙa.
Ta dire ta ce, "Ga su nan,
zaman kallon ruwa ya isa haka."

Bai ce uffan ba.
Washegari ƙarar zarto ce ta tashe ni.

Ya raba jirgin ta ciki.
Goshin ya miƙe tsaye ya zama rufi,
bencin da na sha zama ina ƙarama
ya koma matakala mai hawa uku,
filafilin da ya tsage ya gitta shi wurin kwana.
Tarun da ya ƙare rayuwarsa yana tare na ƙasa
aka ba shi sabon aiki: tare shaho daga sama.
Ƙusoshi a bakinsa, ni ina miƙa guduma,
ya ɗaga dandamalin kamu huɗu saboda danshi,
ya sa ƙofar ta ba iskar teku baya.
Kwana tara. Yatsa ɗaya ya yi baƙi.

To, kaza dai kaza ce.
Da magariba suka bi layi
suka haye itacen tuffa,
suna leƙen sabon gida ta gefen ido
kamar an ce su biya haya.
Kowane dare, da fitila a goshi,
yana ɗingishi yana sauko da su ɗaya-ɗaya,
yana yi musu faɗa ƙasa-ƙasa
irin wanda yake yi wa injin jirgi in ya ƙi tashi.

Daren da gwiwar ta hana shi fita,
kyanwar daji ta zo.
Da safe, a kunyar dankali,
gashin wake-waken nan da nake kira Pancha
ya manne da ganye, ruwa yana wanke shi.
Baba ya tsaya ya daɗe.
Ya ɗauko zare ya bi tarun ido-ido,
da ƙullin nan da hannunsa ya sani ko a duhu.
Abin da lallashi ya kasa, tsoro ya koyar:
da yamma huɗun suka shige da kansu,
mai ido ɗaya a ƙarshe, yana cika baki.

Sati uku bayan haka muka ji kyarkyara.
A cikin ciyawa, inda da yake ajiye ƙugiya,
ƙwai ɗaya, shuɗi-shuɗi,
kusan launin fentin da ya rage a katakon.
Ya ɗora shi a tafin hannuna, da ɗuminsa.
Ya ce, "Kamun yau ke nan."
Na soya, muka raba, ya ba ni gwaiduwar.

Akwai abin da ban lura ba sai daga baya.
Sunan innata da ke rubuce a jikin jirgin,
zarto ya bi ta tsakiyarsa.
Orfe ya zauna a bango,
lina ya tafi jikin ƙofa.
Duk yini rabin sunan yana lilo a iska
kaji suna tono a ƙarƙashinsa.

In rana ta faɗi, Baba ba ya aike na.
Shi yake zuwa, ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu,
da wannan ɗan banzan.
Ya tura ƙofar a hankali
har baƙaƙen su haɗu,
ya sa sakata,
ya ɗan tsaya, ruwa yana sauka a hularsa.